Mu da muke buga Plants vs. Zombies ma a ji ta bakinmu

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani gem na waya, saboda duk lokacin da aka taso da zancen gem a jarida ko a rediyo sai ka ji iyaye sun yi magana, malaman makaranta sun yi magana, amma mu da muke riƙe da wayar muna bugawa ba a taɓa tambayarmu me muke gani a ciki ba, kuma da yawanmu ba yara ba ne, magidanta ne da iyali.

Gem ɗin da nake nufi shi ne Plants vs. Zombies, wanda yara a unguwarmu suke kira gem ɗin zombi kawai. Kamfanin PopCap na birnin Siyatil a Amurka ne ya fitar da shi a watan Mayun 2009, da farko a kwamfuta, sai a 2010 ya shigo iPhone, daga baya ya zo Android, wanda ya ƙirƙiro shi kuma sunansa George Fan. Na san wanda ya hango allon daga nesa abin da zai gani shi ne wasu gawarwaki koraye suna tangaɗi sun nufo gida, sai ya ce subhanallahi wannan wane irin abu ne yaro yake kallo, kuma ban ga laifinsa ba, uba yana da haƙƙin ya tambaya. Amma ina roƙo a matso kusa a ga abin da mai bugawar yake yi da kansa, domin lissafi ne yake yi tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin yake. An ba ka filin ciyawa a gaban gida, layi 5, kowane layi gida 9. Zombi suna shigowa daga dama, gidanka yana hagu, kai kuma ba ka da bindiga ba ka da soja, shuka kawai za ka yi. Kuɗin da kake sayen shukar da shi rana ce, tana faɗowa daga sama 25-25 kana tsinta. Furen da ke haifar maka da rana, Sunflower, kuɗinsa 50, mai harbin wake kuma, Peashooter, 100 ne, kuma da 50 kacal ake fara ka. To nan fa ake yin ta. In ka yi gaggawar tara masu harbi ba ka shuka fure ba, can gaba in taron zombin ya zo za ka ga aljihunka wayam, in kuma ka zauna kana ta shuka fure kana murna da tara rana sai zombin farko ya iso ya fara cin su ɗaya bayan ɗaya kana kallo. Wanda ya gane kan abin sai ya binne dankalin nan mai fashewa da 25 kawai a gaban zombin farko, amma sai ya binne shi da nisa don dankalin yana ɗaukar lokaci kafin ya nuna, a wannan tsakanin ya ƙara fure biyu ko uku. Duk wanda ya taɓa zama gaban dara ya san irin wannan tunanin, ka bari a ci maka ɗaya yanzu don ka gyara layinka, hankalinka yana kan abin da zai faru nan da taku uku.

Shi George Fan ya taɓa bayani a wani taron masu ƙera gem a 2012 cewa da farko furen 100 ne kuɗinsa, sai suka lura sababbin 'yan wasa ba sa sayensa, kowa mai harbi yake rugawa ya saya sai ya maƙale, shi ne suka mayar da shi 50 yadda shi kaɗai za ka iya saye a farkon wasa, ka koyi darasin ba tare da an rubuta maka dogon bayani ba. Ya ce burinsa har mahaifiyarsa da ba ta buga gem ta iya kai shi ƙarshe, kuma ta kai. Wannan ne ya sa ko wanda ba ya jin Turanci yake iya bugawa, na ga mai gyaran takalmi a bakin kasuwa da bai yi boko ba yana tsara layinsa tsaf, ya san wanda ya kifa bokiti a kai ya fi mai hular roba taurin rai, ya san mai sandar tsalle zai tsallake shukar farko da ya tarar don haka sai ya ajiye masa wata mai arha ya tsallake a banza, ba wanda ya koya masa, gem ɗin ne ya nuna masa a hankali.

Kuma abin da ya sa ba ya gundura shi ne duk bayan mataki 10 sai a canza maka ƙasa. Matakai 50 ne a babban labarin. In ka saba da rana sai a kai ka dare, rana ta daina faɗowa, dole ka koma kan laimar kwaɗi waɗanda suke da arha, akwai ma ƙaramar da kyauta ce amma harbinta ba ya nisa. Daga nan sai bayan gida inda akwai kwamin wanka a tsakiya, layi ya zama 6, kuma ba ka shuka a ruwa sai ka fara shimfiɗa ganye. Sai hazo ya rufe rabin filin ba ka ganin mai zuwa, wani ya taho ta sama da balan-balan, wani ya haƙo ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo ta bayanka yana cin shukarka daga baya. Na ƙarshe rufin gida ne, shi kuma a karkace yake, wake in an harba sai ya daki rufin, dole ka koma masu cilla kabeji da masara da kankana, kuma komai sai a tukunya. Shuka 49 ce gaba ɗaya amma gurabe 6 ake ba ka da farko, kafin a fara a nuna maka irin zombin da za su zo, kai kuma ka zauna ka zaɓi wa za ka ɗauka wa za ka bari. Wallahi wannan zaɓen kaɗai ya isa a yi musu a kansa, mu a majalisarmu an sha yi, wani ya ce shi ba ya shiga fili babu barkonon nan mai ƙone layi guda, wani ya ce ɓarnar 125 ce, gara kabewa mai danne mutum da 50.

Yanzu bari in faɗi inda ra'ayin 'yan wasa ya rabu, don ba duka muke magana ɗaya ba. Akwai masu cewa na farkon, wato wannan na 2009 da nake ta bayani, ya yi sauƙi da yawa, in ka gane dabarar layi biyu na fure ka gama da shi. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a nan in babban labarin kawai mutum ya buga, amma ni ina ce musu su je ɓangaren fasa tulu, inda ba ka san abin da ke cikin tulun ba, ko shuka ko zombi, ko ɓangaren da ake juya abin kai ne kake tura zombin kana lissafin ta wane layi za ka shiga da 'yar ranar da ke hannunka, ko kuma wanda ba ya ƙarewa, taro bayan taro har sai an cinye ka. A nan ne ƙaton nan Gargantuar yake zuwa ya murƙushe duk abin da ka shekara kana ginawa da duka ɗaya sannan ya cillo ƙaramin da ke goye a bayansa can cikin furanninka. Wanda ya ce da sauƙi bai daɗe a wajen ba.

Babban musun dai a kan kashi na biyu na gem ɗin ne, wanda ya fito a 2013. Kafin nan wani kamfanin gem mai suna EA ya riga ya sayi PopCap a 2011 a kan kimanin dala miliyan 750, kuma George Fan ya bar wajen a 2012, ba da shi aka ƙarasa na biyun ba. Matasa da yawa sun fi son na biyu kuma na fahimce su, ya fi kyan zane, ya fi yawan shuka, ana yawo da kai zamani daban-daban, tsohuwar Masar, jiragen 'yan fashin teku, ƙasar kaboyi, har zamanin manyan dabbobin da suka ƙare, kuma akwai takin da kake ba shuka ta haukace na ɗan lokaci, wannan dabara ce mai kyau ba na musu. Amma shi na biyun kyauta ake sauke shi, kuɗin a ciki ake nema. Lokacin da ya fito, shukokin da muka samu a na farko da guminmu, irin mai harbin ƙanƙara da kabewa da barkono, sai aka sa su a kanti sai da kuɗin gaske. Sannan aka kawo wasu maɓallai da in taro ya fi ƙarfinka za ka biya da sulallan cikin gem ka kama zombin da yatsa ka watsar, sulallan kuma in sun ƙare ana sayar maka da su. Masu kare shi suna cewa ai ba dole ba ne, ana iya gamawa ba a kashe ko kwabo ba, kuma haka ne ana iyawa. Ni abin da ya dame ni daban ne. A na farko in aka cinye ka babu wata ƙofa sai ka koma ka sake tunani, me na ɗauka da bai kamata ba, ina na yi gaggawa. In kuwa akwai maɓallin da zai fitar da kai, yaro ba zai sake tunanin ba, maɓallin zai nema, kuma abin da ya sa gem ɗin ya zama abin kirki tun farko shi ne wannan komawar.

Shi ya sa nake cewa iyaye suna kallon inda ba nan matsalar take ba. Zombin zane ne irin na katun, wani da jarida a hannu, wani da kayan ƙwallo, in an buge shi hannu ya faɗi kai ya faɗi ya ɓace, babu jini faca-faca irin na fina-finan tsoro, kuma hukumar da ke tantance gem a Amurka ta sa shi a na 'yan shekara 10 zuwa sama. Duk da haka ba zan ɓoye ba, a matakan dare akwai kaburbura a filin kuma zombi suna fitowa daga ciki, in an ci ka kuma ana rubuta cewa sun cinye ƙwaƙwalwarka da wata ƙara. Uban da ya ga wannan bai dace da tarbiyyar gidansa ba, ko yaronsa ƙarami ne mai firgita da dare, ya hana, ina tare da shi ɗari bisa ɗari, kuma wanda kiɗan ne ba ya so ana kashe shi a saitin. Amma in za a bar yaro ya buga, abin da ya kamata a sa wa ido shi ne talla da saye. Gem ɗin kyauta a waya da yawansu, ba wannan kaɗai ba, da talla suke rayuwa, kuma tallar ba kai kake zaɓa ba, tana iya zama ta wani gem ɗin da bai dace ba ko ta manhajar bashi, ga cin data. Sannan in akwai katin banki a jone da wayar, yaro bai san bambancin sulallan wasa da kuɗin cefane ba. A shiga saitin Play Store a sa sai da fasuwod kafin a sayi komai, minti biyu ne, kuma a kashe data in za a miƙa wa yaro wayar, na farkon yana tafiya lafiya lau babu intanet.

Sai maganar lokaci, wadda ita ma gaskiya ce. Mataki ɗaya 'yan mintuna ne, wannan ne daɗinsa ga mai jiran layi a banki ko mai shago da kasuwa ta yi sanyi da azahar, kuma wannan ne haɗarinsa don kullum sai ka ce bari in ƙara ɗaya. Na sha ganin an kira salla matashi yana cewa bari taron ƙarshe ya wuce, alhali akwai maɓallin tsayarwa a saman allon, zombin ba inda za su. Wannan kam ba na kare kowa a kai, babba ko yaro.

Roƙona gare ku Edita shi ne ku buɗe ɗan shafi ko da sau ɗaya a wata da za a riƙa duba irin waɗannan gem ɗin da Hausa, a faɗi na 'yan shekara nawa ne, yana buƙatar data ko a'a, akwai saye a ciki ko babu, wane irin talla yake nunawa, kuma a riƙa jin ta bakin masu bugawa. Kusan kowane gida yanzu akwai waya a hannun yaro, kuma masu tura gem a shagunan caji su ne suke zaɓa wa yaranmu abin da za su buga, uba ya ba da kuɗin turawa bai san me aka zuba ba. In kun buɗe shafin ni mai rubuto muku ne, kuma na san irina suna da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi da za su aiko da nasu, har da waɗanda za su ce na biyun ya fi kuma su kawo hujjarsu.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Daga mai karanta ku kullum, Tudun Wada, Zariya.