Ba ku yi wa fizik adalci ba a shirinku na daren Talata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Talata daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda aka bar baƙonku ya rufe hira da cewa binciken fizik da na kwamfuta wasan ƙosassu ne, mai gabatarwa kuwa bai ce masa uffan ba. Alƙaluman da aka karanto ban musa su ba. Amurka ta kafa doka a 2018 wadda ta tanadi kimanin dala miliyar 1.2 domin binciken kwantum, wato fizik na ƙwayoyin halitta mafi ƙanƙanta da kwamfutocin da ake ginawa a kansa, cikin shekaru biyar, Faransa ta sanar da yuro miliyar 1.8 a 2021, Birtaniya kuma fam miliyar 2.5 na shekaru goma a 2023. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zuba wa mai sauraro waɗannan miliyoyi a kunne, sannan a ce masa tunda ba mu da irinsu, sai mu tattara mu koma neman tuwo, mu bar ilimin ga masu shi.

Ku da kuke Yamai, jami'ar da ke hayin kogi sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni masanin fizik ne, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ja ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, ya kuma shugabanci jami'ar kafin rasuwarsa a 1991. A lokacin da ƙasar nan ta fi yanzu talauci, hukuma ta ga ya dace ta riƙe ma'aikatar da ke auna zafin rana, tana ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki. Sa'a guda kuka yi kuna magana a kan kuɗin bincike, amma ko sau ɗaya ba a ambaci sunan wannan bawan Allah ba. Wannan abin kunya ne ga gidan rediyon da ke magana da ƴan Nijar.

Na koyar da fizik a lise shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, don haka ba da ka nake magana ba. Da alli nake zana na'urar auna wuta a allo, in zana allurarta, in ce wa yara su ɗauka ta motsa. Na'ura guda da muke da ita tana kulle a kabad, gara ta cinye kwalinta, kuma babu mai taɓa ta don tsoron kada ta lalace a hannunsa a ce ya biya. Haka yara suka riƙa cin jarrabawar bak ba su taɓa haɗa waya da batir da ƙwan fitila da hannunsu ba. Akwai wata yarinya da ban ga kamarta a lissafi ba, ta samu gurbin karatu a waje, ta yi digiri na uku a kan batir, yanzu can take aiki. Da ta zo ganin gida na tambaye ta ko za ta dawo, sai ta ce, "Malam, in na dawo, da me zan yi aiki?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, ga shi baƙonku yana so a gaya mata tun farko ma ɓata lokaci ta yi.

Abin da shirinku ya kasa bayyanawa shi ne inda waɗannan manyan kuɗaɗe suke tafiya. Kaso mai tsoka albashi ne na ɗalibin da zai zauna shekara uku ko huɗu a kan matsala guda ba ya tunanin kuɗin haya, da albashin mai kula da na'urori, da kuɗin wuta da gyara. Ana kuma ba da su ne ta hanyar gasa, masana su tantance, a bi sawun aikin. Wannan tsari ba sai da miliyoyin daloli ake kwaikwayonsa ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta daɗe da neman kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa domin bincike, kuma tambayar da ta kamaci ɗan jarida ita ce ina muka kwana a kan wannan, kuma ɗan abin da ake samu, nawa ke shiga ɗakin gwaji, nawa ke ƙarewa a tarurruka da kuɗin zama.

Ku tuna watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, kowa ya ruga sayen faifan sola. Ana auna ƙarfin faifan nan ne a zafin digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru yana rage masa ƙarfi, mu kuwa a nan Tawa zafin watan Afrilu yana wuce 40 a inuwa, balle a kan kwanon rufi. Hazo ya lulluɓe shi, zafi ya kashe batir kafin lokacinsa, mai gida ya yi ta zagin ɗan kasuwa. Tashar wutar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30 duk da wannan ƙura da wannan zafi suke fama. Wannan fizik ne tsantsa, kuma babu wanda zai zauna a Faris ya warware mana shi, domin ba ciwonsa ba ne. Haka hasashen damina da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET ke aiki a kansa a Yamai, lissafi ne da kwamfuta, kuma wanda ambaliyar 2020 ko ta 2024 ta rusa wa gida ya san ko gargaɗin wuri wasan ƙosassu ne.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu magana ya yi yawa, mu tsofaffi da ƙyar muke tsintar kalmomin, lambar wayar da kuke bayarwa kuma na kira har na gaji ba a ɗauka ba.

Ina roƙonku ku sake shirin nan, ku gayyato malamin fizik daga Yamai ko Maraɗi ko Zinder, da ɗalibin da ke tsakiyar bincikensa, ku zaunar da su gaban wannan baƙo naku, ku kuma buɗe layi a wannan karon.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin fizik, Tawa