Amsa ga mai gawayin da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da aka gayyace ni shirin rediyo kan sare itatuwa, ka bugo waya ka ce gawayi ne sana'arka, da shi kake riƙe da gida. Sannan ka tambaya: "Wannan Kosta Rika da kake ta yabo, suna jin yunwa kamar mu, ko ƙoshi ne ya sa suke tausayin bishiya?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba, tambayar kuwa ta kwana a raina.

Su ma sun sare, Malam, sara mai muni. Ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, mutanenta kamar miliyan 5, amma ana ƙiyasin kusan kashi 5 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya suna cikinta. Duk da haka, shekara da shekaru suna kwantar da kurmi su mai da shi makiyaya, saboda ana sayen naman shanunsu a Amurka, gwamnati kuma tana ba da rance ga mai yin hakan. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce a 1987 daji ya koma kashi 21 kacal na ƙasar. Yau ya haura rabi.

Wa'azi bai yi wannan aikin ba. Kasuwar nama ta faɗi, aka janye tallafin. A 1996 aka yi dokar da ta hana mai da kurmi gona, daga 1997 kuma aka fara biyan mai fili kuɗi don ya bar itatuwansa a tsaye. Hujjarsu ita ce bishiyar tana tsare ruwan da birni ke sha, tana tsabtace iska, tana ba tsuntsu da dabba mafaka, tana jawo 'yan yawon buɗe ido, to me zai sa mai ita ya yi wa kowa gadi kyauta? Kuɗin yana fitowa daga wani kaso na harajin man fetur. Wato mai mota a San Jose, babban birninsu, shi ke biyan manomin da ke bakin dutse.

Kada in zuzuta su fiye da kima. Gonakin abarbarsu sun sha gurɓata ruwan ƙauyuka da maganin feshi. Wani ɗan kwaɗo mai ruwan zinariya da ke dajin Monteverde kuwa, tun 1989 ba a sake ganinsa ba, alhali yana cikin gandun da ake tsaro.

Za ka ce nesa ce. To leƙa Maradi da Damagaram. Da can bishiyar da ke gonar mutum kamar ta hukuma ce, in ya taɓa ta ma'aikatan gandun daji su ci shi tara, don haka tun tana tsiro yake kawar da ita. Da manomi ya tabbata tasa ce, sai ya fara barin tohon kututture lokacin sassabe, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya datse sauran. Sassabin zamani suke ce masa. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ka san halin gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi inuwa ya zubo wa awaki 'ya'ya. Wa zai sa masa gatari?

Inda kake sara kai, dajin ba naka ba ne, ba wanda ya taɓa yi maka tayin ko sisi don ka ƙyale shi, mu na gari kuma da ke sukarka mu ne ke layin sayen buhunka tun da gas ya yi tsada. Shi ya sa bakina ya yi nauyi in ce maka ka daina. Abin da na roƙi mai gabatar da shirin shi ne a sake zama, a kira hukumar gandun daji, kai ma a ba ka kujera.

Na gode, a gaida gida.