Rahoton Ayyukan Shekara ga Ƴan Ƙungiyarmu ta Masu Zane da Fentin Ruwa, Yamai

Assalamu alaikum iyayenmu da malamanmu, yayye da ƙanne, musamman waɗanda suka shigo bana.

A taron bara mun yanke shawarar daina kwaikwayon hotunan tuffa da furannin littattafan Turai, mu ɗora kayan gidajenmu a kan tabarma mu zana su. A kan wannan aka yi aikin shekarar duka, kuma a ganina tun kafuwar ƙungiya ba mu yi shawarar da ta kai ta amfani ba.

Zaman Asabar bai yanke ba sai a watan azumi. Mun fara da ƙwarya da ludayi, muka koma faifai, butar alwala da kwanon sha mai murfi. Amma wanda ya fi riƙe mu shi ne ɗan kofin shayin nan na gilashi da ake zagayawa da shi a kowace fada. A fentin ruwa, farin da ake gani takardar ce kanta aka bari. Don haka kumfar shayi da ƙyallin bakin kofi dole a keɓe musu wuri tun kafin burushi ya jiƙe, in an shafe su kuwa sun tafi ke nan. Sai da muka daɗe muna kallo kafin wata ƙanwarmu ta lura cewa inuwar kofin a kan faranti ba baƙa ba ce, ja-ja ce, saboda hasken ya ratsa shayin kafin ya sauka. Daga ranar zanenmu ya canza. Malaminmu ya nuna mana aikin Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya rasu a 1964, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana zana kwalabe da kofuna na ɗakinsa. Waɗanda ke ƙorafin an daɗe a kan kofi guda suka haƙura.

Hunturu ya ba mu wahala, don iskar na busar da fenti kafin hannu ya komo. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce jiƙa bayan takarda a shimfiɗa ta a kan gilashi. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mun maida zaman da sassafe.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne haɗa fenti da kanmu. Ƙaro ne ke kama launi a jikin takarda, ƙaron dakwara da malaman allo ke sa wa tawada. Wani dattijon malami ya zo ya koya mana jiƙa shi da tacewa, Allah ya saka masa da alheri. Muka niƙa jar ƙasa, gawayi da shuni, muka ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage. Jar ƙasar ta yi kyau ƙwarai a zanen tulu. Ruwan zoɓo kuwa ya yaudare mu: ja ne mai ban sha'awa a ranar farko, daga baya ya koɗe.

Mun je Bubon, ƙauyen maginan tukwane da ke kusa da Yamai, ranar Laraba, ranar kasuwa, muka zana tukwane da tuluna a gaban matan da suka gina su. Mun kuma yi yini guda a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A nunin ƙarshen shekara wata tsohuwa ta tsaya gaban zanen wani kwano mai kwarzane, ta ce irinsa ne a kayan ɗakin mahaifiyarta, ba ta tafi ba sai da ta saya.

Batun kuɗi, takarda ce ta cinye mafi yawa. Mai kauri, wato mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ta yi wuya tun rufe iyakar Benin a 2023, kuma wani kanti ya sayar mana da marar kauri wadda ta kumbura da taɓa ruwa. Ma'aji za ta karanta lissafi dalla-dalla a taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin nan.

Baɗi muna son buɗe ajin yara lokacin hutun damina, muna neman masu koyarwa. A zama na gaba kowa ya zo da abu ɗaya na ƙarfe ko tangaran daga gida, za mu fara da butar shayi a kan garwashi.

Sakataren ƙungiya