Kada a tumɓuke tsohuwar kurangar inabi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu Hausawa ne masu aiki a gonakin inabi na Ɗa'ifa a ƙasar Saudiyya, muna neman ɗan fili a jaridarka domin 'yan'uwanmu manoma, na nan da kuma na gida da suka shiga noman inabi a wajajen Kudan da Hunƙuyi. Akwai ɗabi'ar da ke damunmu: da zarar kuranga ta kwana biyu, yabanyarta ta fara raguwa, sai mai gona ya sa a tumɓuke ta a dasa sabuwa. A ganinmu asara ce babba.

Ɗa'ifa ba baƙuwar inabi ba ce. Garin yana kan tsauni, kimanin mita 1,800 daga teku, rana da zafi dare da sanyi, kuma wannan sanyin daren shi ke hana ɗan tsamin inabi gudu yayin da zaƙi ke taruwa. A wani lambu na nan ne wani bawa mai suna Addas ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a shekara ta 10 bayan aiko, masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan a unguwar Masna har yau.

Kuranga takan fara haihuwa a shekararta ta uku. Daga nan zuwa shekara 20 ko 25 tana cikin ƙarfinta, bayan haka nauyin abin da take bayarwa ya riƙa sauka. Amma saiwarta ta riga ta nutsa ƙasa mita da dama, tana samun danshi ko rijiya ta ja baya, kututturenta kuma ya zama rumbun abinci. 'Ya'yanta kan fito ƙanana, ɓawo da kauri, ruwa kaɗan. Da yake launi da ƙamshi da ɗan baurin jan inabi a ɓawo suke, ƙaramin ɗa ya fi babba ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Turawa masu sana'ar giya sun daɗe da gane haka, kuma ba laifi ba ne mu san abin da suka sani game da itacen, ko da abin da suke yi da 'ya'yansa haramun ne a wurinmu. A kwarin Barossa na Ostareliya ba a kiran kuranga tsohuwa sai ta kai shekara 35, kuma akwai na irin Shiraz da aka dasa a 1843 suna haihuwa har yanzu. Sun rayu ne saboda ƙwaron filoksera, wanda ya shiga Turai daga Amurka wajen 1860 ya cinye saiwoyin gonakin Faransa, bai kai yankin ba. Turai ba ta farfaɗo ba sai da aka koma yi wa kuranga aure, kan na Turai, gindin na Amurka. Su can kuɗin tsohuwar gona ninkawa yake yi, mu nan gatari muke kai mata.

Mai gona zai ce, kuma da gaskiyarsa, a kasuwa kilo ake saye, mai saye kuma manyan 'ya'ya yake so. To inabin tsohuwar kuranga ba na faranti ba ne, na zabibi ne da dibis, wato ruwan inabin da aka dafa har ya yi kauri kamar zuma. A nan ribar take. Kilo 30 na inabi yakan ba da kusan lita 20 na ruwa. In zaƙinsa ya kai 23 a Biriks, ma'aunin yawan sukari a ruwa, matakin da tsohuwar kuranga ke kaiwa ba da wahala ba, za a sami dibis lita 5 da ɗoriya. In kuwa na sabuwar gona ne da aka cika wa ruwa, mai zaƙi 15, da ƙyar a haura lita 3, ga gas ɗin da aka ƙona ya fi yawa.

Wajen yin dibis ne ake buƙatar natsuwa, domin tsakanin halal da haram a nan sa'o'i ne kawai. A jikin ɓawon inabi akwai yisti na halitta. Da an matse, ruwa ya haɗu da ɓawo, yistin ya fara cin sukari yana mai da shi barasa da iska. A zafin bazara kwana ɗaya ya isa a ga kumfa a ji ƙamshi ya canja. Don haka a tsinke da asuba, a cire ruɓaɓɓu da karare, a matse, a tace, a ɗora a wuta ranar. Kada a ce sai gobe. Kada kuma a matse da ƙarfin da zai fasa ƙwallayen ciki, ɗaci ne zai biyo.

Kafin dafuwa ana kashe tsamin. A ƙasashen Sham farar ƙasa ake sawa, wadda asalinta alli ne. Wanda bai samu ba ya nemi alli mai tsabta na abinci, giram 5 zuwa 10 a kowace lita. A zuba, a juya, a tafasa sau ɗaya, a kwashe kumfa, a sauke a bar shi sa'o'i 5 ko 6 ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama a bar laka. Wasu 'yan'uwa kan sa kanwa don ita hannu ya saba da ita. Ba ta yi, tana baƙanta shi ta sa masa ɗanɗanon sabulu. In allin ma ya yi yawa dibis yakan fito lami.

Tukunya mai faɗi marar zurfi ta fi, ta bakin-ƙarfe marar tsatsa, don ruwa ya tashi da sauri kafin sukari ya ƙone. A tsoma tsinke a yi alamar inda ruwan ya kai tun farko, don a san yawan abin da ya tafi. Sayyidina Umar (RA) da ya je Sham ya halatta wa mutanenta wanda aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi, labarin yana cikin Muwaɗɗa. Wannan iyakar shari'a ce. Na ajiya sai a wuce ta, a kai kusa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka fara da shi, zaƙi 68 zuwa 70. Ƙasa da haka fumfuna kan hau kansa, ko ya fara kumfa a cikin kwalba bayan wata biyu. A rabin sa'ar ƙarshe a rage wuta a riƙa juyawa, in ya kama gindi ƙaurin ba ya fita. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga a busasshen faranti mai sanyi, in ɗigon ya tsaya bai bazu ba ya yi. A juye da zafinsa cikin kwalabe busassu, a rufe.

Zabibi bai kai haka wuya ba: kilo 4 na ɗanye ya ba da 1, mako biyu zuwa uku a rana, a juya shi, a rufe da dare saboda raɓa.

Ita kurangar kuma kulawarta daban ce da ta yarinya. Aski a yi shi cikin hunturu tana barci, a bar ido biyu a kowane guntun reshe, kada a ɗora mata kaya don a rama abin da ta rage. Babban kuskure shi ne kai zarto kan tsohon kututture: babban rauni ba ya warkewa, ta nan cutar da ke ruɓar da ciki ke shiga, bayan 'yan shekaru babban reshe guda ya bushe. In dole ne a yanke, a bar ɗan dungu, a shafe bakin, kuma ba ranar ruwa ba. Da 'ya'ya sun fara juya launi a rage ban ruwa; ruwa mai yawa dab da girbi shi ke tsage ɓawo, zanzaro da tsami su biyo. Farar ƙurar da ke hawa ganye maganinta farar wuta ce, amma a fesa da yamma, in zafi ya haura digiri 32 ganyen take ƙonawa. Inda wata ta mutu a layi, a kwantar da dogon reshen maƙwabciyarta a binne tsakiyarsa, kan ya fito waje. A shekara ta biyu ya yi saiwarsa, a raba shi da uwar.

Muna roƙon malaman gona da ke karanta wannan jarida su ƙara wa manoma bayani a kan askin kuranga a ƙasar Hausa, inda ba ta samun sanyin da za ta yi barci irin na nan.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan gonakin inabi,
Ɗa'ifa, Saudiyya