Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Ɗaura Kamshaf

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni, inda ka ce an ba ka haɗa injin Chevrolet 350 na tsere, kuma ka riga ka zura sabon kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul da rufe su, saura ɗaura sarƙar taimin da ke haɗa shi da karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa. Na yi murna ƙwarai, amma magana ɗaya ta hana ni sukuni, wato cewar da ka yi za ka daidaita ɗigon giyar sama da na ƙasa ka rufe murfi. Ina roƙonka kada ka tsaya a nan.

A kan Peugeot 504 na koyi sana'a, kuma a irin wannan inji alamar masana'anta takan wadatar. Injin tsere kuwa kayansa daga hannu daban-daban suke fitowa, kuma ramin ki na karanshaf (gurbin ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar ƙasa), da fil ɗin kamshaf, da haƙoran giya, da sakin sarƙa, kowanne yana iya kaucewa da digiri ɗaya. Idan suka taru ta gefe guda sai ka tarar taimin ya goce da digiri uku ko huɗu alhali ɗigo yana kallon ɗigo.

Ka fara da neman ainihin ƙololuwar fistin na ɗaya. Ka ɗaura faifan digiri a bakin karanshaf, ka lanƙwasa waya mai ƙarfi ta zama manuni, sannan ka sa abin tare fistin. Ka juya karanshaf a hankali har fistin ya taɓa shi, ka rubuta lambar, ka juya baya har ya sake taɓawa. Idan ka sami 22 a nan da 26 a can, ka gyara manuni har kowane gefe ya nuna 24. Sifili yana tsakiyarsu. Duk awon da zai biyo baya a kan wannan yake tsaye, don haka ka maimaita shi sau biyu ko da ka tabbata.

Daga nan ka kafa agogon awo a kan tafet ɗin bawul mai shigar da mai na fistin na ɗaya, wato ɗan ƙarfen da tozon kamshaf ke ɗagawa, kuma ya zama tafet sandararre, domin mai aiki da baƙin mai yakan lotsa ya ba ka lamba ta ƙarya. Ka nemi inda tozon kamshaf ya kai matuƙa, ka mayar da allura sifili. Ka koma baya sosai, sannan ka taho gaba har saura inci 0.050 a kai matuƙa, ka rubuta. Ka wuce matuƙar har allura ta sauko 0.050, ka sake rubutawa. Ka haɗa biyun ka raba biyu: 64 da 148 za su ba ka 106. Wannan lamba ta tsakiyar tozo ita za ka gwada da wadda ke cikin takardar da ta zo da kamshaf ɗin. Kullum ka ɗauki lamba kana juyawa ta inda injin ke juyawa, don sarƙa ta kasance a miƙe, kuma kada ka juya da ƙusar da ke riƙe da faifan, gudun kada ya motsa ba ka sani ba.

Idan lamba ba ta dace ba, giyar ƙasa mai ramin ki uku za ta ba ka damar matso da taimin gaba ko baya. Matsowa gaba takan ƙara ƙarfin tashi, ja baya kuma yakan kai ƙarfin can saman totur. Ni dai shawarata ka bi takarda tukuna, ka bar dabara sai injin ya yi aiki an ga halinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar bawul da fistin. Ina saurayi na haɗa wani inji da aka kankare kansa, na amince da alama, ban auna ba. Ya tashi da murya mai daɗi, ana taka totur sai muka ji ƙas-ƙas. Da muka buɗe, ga bawul biyu sun lanƙwashe, ga shatinsu a kan fistin kamar an danna farce a sabulu. Ni na biya kayan, kuma mai motar bai sake dawowa ba. Don haka ka liƙa yumɓun roba a kan fistin, ka ɗora kan injin, ka juya zagaye biyu cikakku, ka yanka yumɓun ka auna kaurinsa. Kada ya gaza inci 0.080 a bawul mai shigarwa, da 0.100 a mai fitar da hayaƙi, wanda zafi ya fi miƙarwa. Duk lokacin da ka taɓa taimin, ka sake wannan awo.

Kafin ka rufe murfi, ka ɗiga maganin riƙe zare a ƙusoshi ukun da ke riƙe giyar kamshaf, ka ɗaure su da sufana mai awo. Ka aiko mini da lambobin da ka samu in duba su da idona. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.