Jirgin cikin garin Abuja bai san da mu ƴan Nyanya da Mararaba da Masaka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci na a rai game da sufuri a Abuja, musamman jirgin ƙasan nan na cikin gari da kullum ake nuno mana shi a talabijin yana sheƙi.

Ni tela ne, shagona yana wajen Wuse amma a Masaka nake kwana, tunda kowa ya san hayar ɗaki a cikin Abuja ba ta talaka ba ce. Kullum ta Allah ina idar da sallar asuba ko lazimi ban gama ba nake saɓa jakata in fito bakin titi, don in ka kuskura gari ya waye maka a gida toh ka shiga uku, motar da za ka samu sai ka yi kokawa da ƙarti a bakin ƙofa, wani ya taka maka takalmi wani ya zura maka gwiwar hannu a haƙarƙari, in ka samu ka shiga kuma a cusa ku mutum huɗu a baya biyu a gaba kamar buhunan albasa. Daga nan sai gosulo. Tun daga Ado ake fara jan ciki, a zo Mararaba a tsaya cak, a lallaɓa a wuce gadar Nyanya, a hau gangaren Kugbo ana numfashi da ƙyar har shataletalen AYA. Tafiyar da ranar Lahadi da safe ba ta kai mini minti 40 ba, ranar Litinin sai ta ci awa biyu, wataran har da ɗoriya. Da yamma kuma a sake sabon lale. Yarana ƙanana sau da yawa ina fita suna barci ina dawowa suna barci, sai ranar hutu suke ganin fuskata da hasken rana.

Kuɗin mota kuwa ba a magana. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, abin da nake biya zuwa da dawowa ya ninka kusan sau uku, kuma ban ga laifin direbobi sosai ba, su ma a gidan mai ake yanke su. Amma ka duba mai gadi ko mai shara a ofis da ake ba shi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, in ma an ba shi ɗin, nawa zai rage masa bayan ya yi wata guda yana zirga-zirga daga Masaka? Shi ya sa za ka ga wasu sun koma kwana a wurin aiki, a shimfiɗa kwali a baranda ko a masallaci, sai Juma'a su je gida.

To a cikin wannan hali ne ake ce mana Abuja tana da jirgin cikin gari. Eh tana da shi, ban musa ba. Tun 2007 aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar, aka yi ta jan ƙafa har sai Yulin 2018 Buhari ya ƙaddamar da shi, kuɗin da aka kashe ya haura dala miliyan 800, mafi yawansa bashi ne daga bankin Exim na Sin wanda da ni da kai da ƴaƴanmu za mu biya. Bai yi shekara biyu cikakku yana aiki ba korona ta zo a 2020 aka rufe, sai aka bar shi ya yi shekara huɗu a kwance ɓarayi suna kwashe wayoyi. A Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗe shi bayan ministan Abuja Wike ya sa an gyara an kuma yi titunan shiga tashoshin, har aka ce a hau kyauta zuwa ƙarshen shekarar. Wannan kam a yaba musu, wanda ya tada abin da ya mutu ya yi ƙoƙari.

Amma Malam Edita ɗauki taswira ka duba inda layin ya bi. Kusan kilomita 45 ne da tashoshi 12. Reshe ɗaya ya tashi daga tashar Metro a tsakiyar gari ya bi ta filin wasa da Kukwaba da Wupa zuwa Idu, ya wuce Bassanjiwa ya ƙare a filin jirgin sama. Ɗaya reshen ya tashi daga Idu ya bi Gwagwa da Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango a Kubwa. Duk yamma da arewa maso yamma kenan. Mu da muke gabas, Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu da Mararaba da Ado da Masaka, inda leburorin garin da masinjojinsa da ƴan kasuwarsa da ƙananan ma'aikatansa suke kwana, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ta wajenmu ba. Kuma abin haushin shi ne a tsarin asali akwai layin da zai kai Nyanya da Karu, sai aka fara da na filin jirgi. Wanda zai hau jirgin sama ai yana da motar da za ta kai shi, ko ya kira tasi a waya. An bar jaki ana dukan taiki.

Na hau jirgin sau ɗaya, ƙanena da ke zaune a Kubwa ne ya ja ni, muka shiga a Gbazango muka sauya a Idu muka sauka a Metro. Gaskiya abin ya burge ni, ga sanyi ga tsabta ga kujera ka zauna ka miƙe ƙafa ba mai zaune a kan cinyarka, ta taga kana hango gonaki da duwatsu kamar ba a Abuja kake ba. Wani dattijo da ke kusa da ni da jikarsa suka zo, yarinyar ta manna fuska a gilashi tun daga tashi har sauka, ya ce min yawon buɗe ido kawai ya kawo ta. Sai na tambayi ƙanen nawa me ya sa shi ba ya bin jirgin zuwa aiki tunda ga shi a unguwarsu, ya yi dariya ya ce Yaya in na rasa na safe ɗaya shikenan na makara, gara in tsaya bakin titi, ko ba komai duk minti biyu mota tana wucewa.

Nan fa gizo ke saƙar. Mutane suna ɗauka girman jirgi ko kyan tasha shi ne abin dubawa, alhali abin da ke sa jirgin cikin gari ya kwashe jama'a shi ne sau nawa yake zuwa a awa ɗaya. Alhazanmu sun ga misali da idonsu. Jirgin nan da Saudiyya ta buɗe a 2010 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, kilomita 18 ne kacal, bai kai rabin namu tsawo ba, amma an tsara shi ya ɗauki mutum 72,000 a awa ɗaya ta ɓangare guda. Kowane jirgi yana cin mutum kusan 3,000, in ka yi lissafi za ka ga jirgi 24 kenan a awa, wato duk minti biyu da rabi wani ya iso. Ba cewa nake mu yi irin na Saudiyya ba, aljihun ba ɗaya ba ne, amma jirgin da yake yin ƴan sawu kaɗan a yini sai ka haddace jadawalinsa kamar karatun allo, wannan ba zai taɓa raba ma'aikaci da motar kabu-kabu ba. In da za a ce da safe daga ƙarfe 6 zuwa 9 da kuma yamma daga 4 zuwa 8 duk minti 10 ko 15 akwai jirgi, mutum zai fito gida kawai ba tare da duba agogo ba. Hakan yana buƙatar ƙarin taragai da direbobi da na'urorin ba da hannu masu aiki da kuma makanikai da kayan gyara a ajiye, kuma su ne abubuwan da ba a yanka musu kyalle a gaban kyamara, shi ya sa ba a cika son kashe musu kuɗi ba. Habasha ta buɗe nata jirgin a Addis Ababa a 2015 da murna, bayan ƴan shekaru da yawa daga cikin jiragen suka koma kwance a gareji saboda rashin kayan gyara. Mu kiyayi wannan.

Sai kuma maganar in ka sauka. Tashar Metro ba a cikin kasuwar Wuse take ba, ba a Sakatariya ba, ba a Area 1 ba, ranar da na hau sai da na sake neman mota zuwa shago. Acaba an hana shi shiga tsakiyar gari tun 2006 zamanin El-Rufa'i yana ministan Abuja, ƙananan bas ɗin nan da muke kira araba su ma an kore su a 2013, manyan motocin da aka ce za su maye gurbinsu waɗanda har yau muke kira motocin El-Rufa'i, saura nawa suke yawo? Wannan giɓin ne ya sa kowa ya koma shiga motar da bai san mai ita ba, kuma ta nan ƴan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, suka samu ƙofa. Wani yaron shagona an taɓa ɗaukarsa da magariba, suka ƙwace waya da kuɗin ɗinkin da ya karɓo suka turo shi waje mota tana tafiya, sati uku yana jinyar gwiwa, Allah ne ya yi da sauran kwana. Ya kamata kowace tashar jirgi a samu bas masu fenti da lamba suna jiran saukar fasinja, tikiti ɗaya ya yi maka jirgi da bas. Legas ta yi haka da katinsu na Cowry, da shi ake hawa manyan bas ɗinsu na BRT da shi ake hawa jirginsu na Marina zuwa Mile 2 da aka buɗe a 2023, me zai hana babban birnin tarayya?

Na ga an gina sababbin tashoshin mota a Kugbo da Mabushi, madalla, amma tasha ba ta rage mota ko ɗaya a kan titi. Haka faɗaɗa titi, mun ga an faɗaɗa na Nyanya zuwa Mararaba, muka ɗan sarara na wani lokaci, yanzu ga shi an koma gidan jiya saboda kullum sababbin unguwanni ake yankawa har wajen Keffi. In ba jirgi ba, aƙalla a ware layi ɗaya na manyan bas kaɗai daga Masaka zuwa cikin gari a sa shinge na kankare, kada a bar mai jiniya ma ya shiga.

Na san matsalar da za a fake da ita. Nyanya tana cikin Abuja, Mararaba da Masaka suna ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, kowane ɓangare zai ce ba huruminsa ba ne. Amma mu da muke tsallaka iyakar nan sau biyu a rana ba mu taɓa ganin ta ba, gosulo ba ya tsayawa a allon barka da zuwa. Harajinmu na shago a Abuja muke biya, na gida a Nasarawa, don haka ministan Abuja da gwamnan Nasarawa da ministan sufuri su zauna a teburi ɗaya su fito mana da layin gabas. Sanatocinmu da ƴan majalisar wakilai na ɓangarorin biyu kuma, da suke wuce mu a cikin motoci masu baƙin gilashi, su tashi su yi magana a zauren majalisa lokacin kasafin kuɗi.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku turo wakilinku ranar Litinin ƙarfe 6 na safe ya tsaya a kan gadar masu tafiya a ƙasa ta Mararaba da kyamara, ya ɗauki hoton jama'ar da ke jiran mota, sannan a ranar ya je tashar Kukwaba ko Wupa ya ƙirga mutum nawa suka sauka daga jirgi. Ku buga hotunan biyu a shafi ɗaya. In zai zo ya taho da takalmin da ba ya jin tsoron a taka.

Naku,
Wani tela mai karanta ku kullum,
daga Masaka, jihar Nasarawa.