Tarin da ya ƙi jin magani a jikin wadda ta taɓa sankarar mama

Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in faɗi abin da ya sami yayata, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Shekara huɗu ke nan da aka cire mata nono ɗaya, aka yi mata kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, har da jan maganin nan doxorubicin da ya zubar mata da gashi. Muka ɗauka magana ta ƙare. Bara da hunturu sai ta fara busasshen tari. Wata uku muna yawo tsakanin kemis da wani ƙaramin asibiti, yau a ce sanyi, gobe a ce tarin fuka. Babu wanda ya tambayi tabon ƙirjinta, mu ma ba mu faɗa ba, kuma wannan yana cina har yau. Sai da ta koma kwana a zaune, jingine da filo uku, sannan aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga ruwa ya taru a gefen huhun dama. Aka sa mata roba ta haƙarƙari aka zuƙe fiye da lita ɗaya. Ciwon ne ya dawo.

Likitar sankara a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ba ta ɓoye mana ba. Ta ce, "Hajiya, warkewa gaba ɗaya da wuya, amma ana danne shi." Ta sa aka sake gwajin tsoka, ER da PR da HER2, wato alamomin da ke nuna irin maganin da ciwon zai ji, domin ciwon kan sauya hali idan ya dawo. Da gwajin ya nuna ER ko PR, wato ciwon mai girma ne da sinadaran jiki na homon, da ƙwaya irin letrozole za a fara. Da HER2 ne, da an haɗa da trastuzumab. Nata babu ko ɗaya, sai kemo. Jan maganin ba a maimaita shi ba, saboda yana da iyakar da zuciya ke ɗauka. Aka ba ta zaɓi: paclitaxel ta ƙarin ruwa duk mako, mai sa yatsu su daina ji sosai, ko ƙwayar capecitabine a gida, mako biyu ana sha, mako ɗaya hutu. Da ta tuna zirga-zirgar mota daga Funtua, ta ɗauki ƙwayar.

Tafin hannunta ya yi ja yana saɓa, har aka rage mata yawan maganin. Amma jiya da kanta ta taka har zaure ta tari baƙi.

Ina roƙon masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci, idan mace ta zo da tari ko haki, don Allah ku tambaye ta ko an taɓa yi mata aikin nono.

Naku,
Wani mai karatu daga Funtua, Jihar Katsina